Ranar da Dalyop Ya Yi Hausa

A unguwar Takur ta Dutse, idan aka ce gidan 'yan wuta, ko mai adaidaita sahu ba ya neman ƙarin kwatance. Gida ne mai zaure ɗaya da sassa biyu, da bango a tsakani wanda dogon mutum zai iya leƙawa idan ya yi ɗage. Sashe ɗaya na Malam Arzika ne, mutumin Taura, da matarsa Rakiya da 'yarsu Munira. Ɗayan na Dalyop ne, wanda aiki ya kawo shi Dutse daga Filato, shi da matarsa Dorcas da 'ya'yansu. Mazan biyu ma'aikatan layin lantarki ne, masu gyaran waya a kan falwaya, shi ya sa 'yan unguwa suka laƙaba wa gidan wannan suna. Rakiya ta yi faɗa a kai har ta gaji. Ta ce mijinta mai salla ne, ba ɗan wuta ba ne, a nemi wani sunan. Faɗan nata ne ma ya sa sunan ya zauna daram.

Shekara goma sha tara suna aiki tare. Da fari su biyun ke hawa, daga baya gwiwar Dalyop ta fara ciwo, tumbi kuma ya fito. Shi dai ya ce gwiwar ce ta hana shi, amma duk wanda ya taɓa cin girkin Dorcas ya san inda maganar take. Sai suka raba aikin: Arzika a sama, Dalyop a ƙasa, yana miƙa kaya, yana riƙe da wayar salula don magana da tashar da ke rarraba wuta.

Aikin nasu yana da tsari, ba a tsallake ko ɗaya. Kafin a jingina tsani sai an kira tasha an ɗauke wutar layin. Wanda ya hau, abin da zai fara yi shi ne ya rataya sarƙa a kan wayoyin nan uku, jelarta na ƙasa ɗaure da ƙarfen da aka kafa, domin ko wani ya yi kuskure wutar ta bi sarƙa ta shige ƙasa. Idan an gama gyara, ya kwance sarƙar, ya zuro ta da igiya, ya sauko. Sai ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa sannan na ƙasan zai kira tasha ya ce a sako wuta.

Abu ɗaya ne ke haɗa su rigima, shi ne Hausar Dalyop. Hausa ce tsaf, har da zagi ya iya, sai dai babu mace a cikinta. Mota ya lalace, igiya ya tsinke, Dorcas ya tafi kasuwa. Arzika kuwa bai taɓa barin ko ɗaya ta wuce ba, ko yana can sama rataye da bel.

"Sarƙa mace ce, Dalyop. Wuta mace ce. Matarka ma mace ce, in ba ka lura ba."

Dalyop sai ya ce shi bai ga abin da ya mai da sarƙa mace ba, in ban da nauyi da yawan ƙara. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, shi bai gyara ba, shi kuma bai gaji ba.

Wata Laraba cikin damina aka yi iska, reshen darbejiya ya faɗo wa layin da ya fita bayan gari, ya fasa tangaran ɗin da ke riƙe waya. Rabin Dutse ya kwana ba wuta. Washegari da hantsi aka tura su, cikin gonakin gero, ƙasa duk ta jiƙe. Mai tsaron tasha a ranar Misbahu ne, magidanci mai 'ya'ya uku, watansa ɗaya da zuwa, ko fuskar Dalyop bai gama sani ba. Tun safe manya ke kiransa, wannan ya ce kifinsa zai lalace, wannan ya ce yana da baƙi. Shi kuma sai ya juyo kan Dalyop. Ya kira sau ɗaya, aka ce ya jira. Ya kira na biyu, aka ce ya jira. Da ya kira na uku, Dalyop ya yi tsaki, ya danna da yatsa mai laka, ya jefa wayar a aljihun gaba. A zatonsa ya katse. Ashe ɗauka ya yi.

Can a tasha Misbahu yana ta tambaya, an gama? A sako wuta? Bai san da aljihu yake magana ba. Nan kuwa Arzika ya kwance sarƙa, ya ɗaura mata igiya. Dalyop ya ɗaga hannu biyu ya ɗaga murya.

"Sako ta! Sako ta!"

Arzika ya leƙo daga tsakanin wayoyi, ya fashe da dariya, ya ce, "Yau dai ka yi Hausa."

Sarƙar ba ta kai rabin falwayar ba wuta ta zo.

Abin da Dalyop ya gani a ranar bai taɓa faɗa wa kowa ba. Manoman da suka rugo sun ce mutumin da ya shekara shida bai taka tsani ba, shi ya hau da wannan gwiwa, bayan ya kira tasha a ɗauke wuta da muryar da ba su san ta mutum ba ce. Shi ya kwance bel ɗin, shi ya sauko da abokinsa a kafaɗa. A Takur kuwa, firjin da Rakiya ke sanyaya zoɓon sayarwa ya yi gurnani ya sake yin shiru. Ta ɗaga murya ta kan bango ta ce wa Dorcas ga alama sun kusa gamawa, bari ta ɗora tukunya.

Aka yi jana'iza da la'asar. Dalyop ya tsaya daga gefe, hularsa a hannu, har aka idar da salla, ya bi su maƙabarta. Da ya dawo, Dorcas ta fito daga sashen Rakiya idanu jawur, ta ce Maman Munira na tambaya, ko Malam ya samu yin salati. Dalyop ya gyaɗa kai. Bai san lokacin da ya gyaɗa ba.

Sai da gari ya waye ya duba wayarsa, ya ga kiran na uku. An ɗauka, sakan arba'in da ɗaya.

Ofis ya kafa kwamiti. Dokar aiki ta ce mai tasha ba ya mai da wuta sai ya ji sunan mai magana, ya ji lambar takardar izini, ya maimaita masa, an amsa. Misbahu bai yi ko ɗaya ba. Ya rantse ya ji muryar Oga Dalyop ƙarara, har sau biyu. Aka juyo aka tambayi Dalyop ko ya ce wa tasha ta sako wuta. Ya ce shi a lokacin bai yi magana da tasha ba. Gaskiya ya faɗa, irin gaskiyar nan da ke hana mutum cin abinci. Ba wanda ya ce a kawo wayarsa a duba, kowa na sauri a rufe magana. Aka sallami Misbahu daga aiki.

Labari ya shigo unguwa ta bakin Larai mai kitso, wadda in ta kama kan mace ba ta sakinsa sai ta cika shi da magana. A kan farko ta ce ƙwallo Misbahu yake kallo a waya. A kai na uku ya zama hira yake da budurwa. Kafin mako ya zagayo an ba shi kayan maye, an ba shi tsohuwar gaba da marigayi, mutumin da ko shayi bai taɓa sha da shi ba. Larai ba ta taɓa ganin Misbahu ba, amma har tsayinsa tana kwatantawa.

Rakiya ta shiga takaba a ɗakinta, wata huɗu da kwana goma, daga nan yayanta Ɗan'inna zai zo ya mai da su Taura. Ba ta da ihu, ba ta da birgima. Abin da take yi kawai, duk bayan salla sai ta ɗaga hannu ta yi addu'a a fili, kuma bangon nan ba ya riƙe magana. Ta fara da Malam, Allah ya haskaka kabarinsa. Sai ta ambaci Misbahu da sunansa, ta ce Allah ya isa, ba ta yafe ba. Sai ta rufe da Baban Nanret, wato Dalyop, wanda ya sauko mata da mijinta bai bar shi rataye kamar tsumma ba, Allah ya saka masa, Allah ya raya masa zuri'a.

Sau biyar a rana. Dalyop ya gwammace a zage shi.

Ya koma yi musu hidima kamar wanda aka saya. Shi ke kiran mai ruwa, shi ya gyara inda rufinsu ke yoyo, shi ya yi ta zirga-zirgar takardu a ofis. Duk abin da ya yi sai addu'ar ta ƙara tsawo. Tumbin nan ya zube, wando ya koma sai da igiya. Matan unguwa suka ce ka ga amana, ko ɗan uwa na jini albarka. A wurin aiki aka haɗa shi da wani, sai ya zama in za a zuro kaya daga sama, da hannu yake nuni. Abin da ke cinsa, da ya ce sako shi, yadda ya saba faɗa shekara goma sha tara, wataƙila da Misbahu ya tsaya ya tambaya, a sako wa? Wataƙila kuma da bai tambaya ba. Ya juya wannan magana har ta gaji da shi.

Saura kwana goma a fita takaba, ya tsai da adaidaita a bakin hanya zai je ofis. Sai da ya zauna ya ga ƙeyar direban. Misbahu ne. Misbahun ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, ya tambayi mai takaba. Suka kama hanya. Dalyop ne ya kasa haƙuri ya tambayi nasa iyalin. Misbahu ya ce matarsa tana gidan iyayenta tun wata biyu, ta kasa jure nunin da ake mata a gidan biki, babban yaron kuma an canza masa makaranta saboda sunan da yara suka sa masa. Yana faɗa yana kallon titi, kamar labarin wani yake bayarwa. Da suka iso ya taka birki, bai waiwayo ba.

"Oga, laifina ne, ban tambayi lamba ba. Wannan na ɗauka. Amma na san abin da kunnena ya ji. Kullum sai na tambayi kaina ko haukacewa na yi."

Dalyop ya sauka. Ya kai ƙofar ofis, ya juya ya koma gida a ƙafa.

Ya samu Dorcas tana tsince shinkafa, ya zauna a kan turmi, ya gaya mata duka da murya ƙasa-ƙasa saboda bango. Ta ture shinkafar gefe. Da ta buɗe baki, cewa ta yi ya yi shiru. Kwana nawa ya rage? Matar nan an ɗauke mata miji, abu ɗaya ya rage mata mai daɗin tunawa a garin nan, shi ne maƙwabta, shi ma zai je ya ƙwace? Ta tuna masa Rakiya ce ta karɓi haihuwar Nanret a tsakar gidan nan kafin mota ta zo, ita ce ke aiko musu da cinya guda duk babbar salla, ita ke tsare musu yara ranar Lahadi. Ta ce ita ba ta da 'yar uwa a Jigawa sai Rakiya. Ya je coci ya gaya wa Allah, Allah ai ba ya tashi daga gida.

Ya ce ya gaya wa Allah tun tuni. Ya ce Allah ba shi ke cewa Allah ya isa sau biyar a rana a kan mutumin da ya ji daidai ba.

Washegari bayan la'asar, da ya ji Rakiya ta shafa addu'a, ya zaga ta zaure ya yi sallama. Mai takaba ba ta fitowa gaban namijin da ba muharraminta ba, don haka ya tsaya a bakin ƙofa, labule a tsakaninsu. Ta amsa da fara'ar da ya daɗe bai ji ba, ta ce Munira ta kawo wa Baban Nanret kujera. Ya ce a bar kujera, a tsaye zai yi. Munira ta dubi fuskarsa, ta ɗauki bokiti ta fice.

Ya fara daga kiran na uku. Ya faɗi lakar da ke yatsansa, ya faɗi aljihu. Hausarsa ta rikice fiye da kullum, amma ba inda ya tsallake.

"Sarƙa nake nufi, Maman Munira. Da Malam nake magana. Na ce sako ta. Misbahu yana ji a waya, ban sani ba. Muryana ne. Bai yi ƙarya ba."

Can ta tambaya yaushe ya sani. Ya ce tun washegarin jana'iza. Ta ce wato duk watannin nan yana jin ta ta kan bango. Ya ce yana ji.

"To salatin fa?"

Nan ne ya so ya yi ƙarya ta biyu, don wannan ba ta cutar da Misbahu. Ya buɗe baki, ta ƙi fitowa.

"Ban ji salati ba. Wataƙila ya yi a zuciya, ni ban ji ba. Dariya ya yi."

"Dariya?"

"Don na ce ta. Ya ce yau dai na yi Hausa."

Wani sauti ya fito daga bayan labulen. Da fari dariya ce, ƙarama, irin wadda take yi idan Malam ya dawo yana kwaikwayon maganar Dalyop a tsakar gida. Ba ta yi nisa ba ta karye. Abin da ya biyo baya shi ne kukan da ba ta yi ranar jana'iza ba. Dalyop na tsaye, ya dafa bango, bai san ko ya tafi ko ya tsaya ba. Dorcas na daga can sashen tana nata.

Da ta lafa, ta fyace hanci, ta yi magana a hankali. Ta ce kwanan Malam ne ya ƙare, ko da wa ya yi magana. Ta ce salati kuwa, mutumin da bai taɓa taka tsani ba sai da bisimilla, Allah ya san bawansa. Abin da ya fi ƙona mata rai, Dalyop ya bar ta wata huɗu tana kai ƙarar bawan Allah wurin Ubangiji da bakin da ta gama salla da shi. Ta ce ya je da ƙafarsa ya samu Misbahu, ya ce Rakiya na roƙon gafara, sannan ya je ofis ya faɗa musu abin da ya faɗa mata. Ya ce zai je.

"Na yafe maka, Baban Nanret. Duniya da lahira, na yafe." Ta ja numfashi. "Alfarma ɗaya nake roƙo. Kada in ƙara jin muryarka. Ba don fushi ba ne. Yanzu in na ji ta, ranar zan riƙa ji."

Ya buɗe baki zai ce to, sai ya tuna. Ya gyaɗa wa labule kai, ya fita.

Ya je wurin Misbahu, ya je ofis. A ofis suka ce ai an riga an rufe fayil, kuma ko da muryar wa aka ji, lamba dai ba a tambaya ba, amma ya rubuto a takarda za a duba. Misbahu kuwa da ya gama ji, kifa kansa ya yi a kan kambun adaidaita, ya daɗe a haka, sannan ya ce a gaya wa Hajiya ba komai. Larai ta samu sabon labari, ta ce ita dama tun farko jikinta ya ba ta.

Kwana taran da suka rage, gidan 'yan wuta ya koma kamar gidan kurame. Dalyop kan fita tun da sassafe. In ya dawo, da hannu yake neman ruwa, in magana ta kama dole sai ya ja Dorcas ƙuryar ɗaki ya rufe ƙofa. Addu'ar bayan salla ta koma a ɓoye. Yakan tsinci kansa yana kasa kunne, ko za a ambace shi, ko da wane irin ambato ne. Dorcas ta ci gaba da shiga wurin Rakiya, suna haɗa kaya cikin buhuna, suna maganar tukwane da labule, ba mai taɓo ɗaya maganar.

Ranar tafiya Ɗan'inna ya zo da a-kori-kura da hantsi. Dalyop ya ɗauki hutu. Shi ya kama firji da direba, shi ya fito da gado, shi ya ɗaure kayan da irin ƙullin da suke yi a bakin aiki. Ɗan'inna, wanda bai san komai ba, ya yi ta zuba godiya, yana cewa 'yar uwarsa ta ba shi labarin irin alherinsa, yana tambayarsa ko mura ce ta kama masa murya. Dalyop ya nuna maƙogwaro, ya gyaɗa kai.

Rakiya ta fito a ƙarshe cikin dogon hijabi. Ta rungumi Dorcas a zaure, suka daɗe, har direba ya fara danna ham. Da ta zo wucewa ta gabansa ta ɗan tsaya, idonta a ƙasa, ta ce Allah ya kiyaye hawa da sauka, Baban Nanret. Amin ɗin ta taso masa har bakin haƙora. Ya danne ta.

Munira ta leƙo daga motar ta ce, Baba, sai wata rana. Ya ɗaga mata hannu. Ya bar hannun a sama har motar ta karya kwana ta hau titi, sannan ya sauke shi, ya faɗi amin ɗin, a hankali, ko da yake sun riga sun yi nisa.